Aikin Gayya a Kan Ƙanƙara

'Yan'uwa ɗalibai, da na karanta tarihin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a ƙasar Norwe, sai na tuna da gayyar noma. A 1868 Sondre Norheim, talaka daga ƙauyen Morgedal, ya ci gasa a babban birninsu, ɗaure da dogayen katakai a ƙafa. A 1892 aka fara gasar Holmenkollen.

Amma tushen wasan yana ƙauyuka, inda iyaye ke gyara hanyar gudu da tudun tsalle, suna horar da yara kyauta. "Dugnad" suke kiran wannan gayya. A 1987 hukumar wasanninsu ta kafa ƙa'idoji don kada gasa ta danne nishaɗin yara. A 2018 suka kwashi lambobi 39 a Olamfik na hunturu. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.