Sassauta Dokar Tsara Gari da Yawaitar Gidaje a Unguwannin Gefen Birni: Nazari a Kan Birnin Auckland

Tsakure

Wannan maƙala ta duba gyaran da hukumar birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan ta yi wa dokar tsara gari a shekarar 2016, ta kuma auna shi da na birnin Minneapolis na Amurka, domin a gane sharaɗin da ke sa halatta gini ya haifar da gidaje a zahiri. Abin da ya bayyana shi ne, izini ba ya yin tasiri sai ya game gari, an kuma sassauta ƙa'idar tsayi da faɗin gini tare da shi.

Gabatarwa

Asalin mas'alar shi ne, a yawancin biranen Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan doka ta daɗe tana hukunta cewa fuloti ɗaya a unguwannin gefen birni gida ɗaya ne na iyali ɗaya, kuma tun da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halaccin irin wannan rabon unguwanni a shari'ar garin Euclid a 1926, al'adar ta kafu har aka ɗauke ta tamkar ɗabi'ar birni. Hujjar magabata ita ce kare mazauna daga hayaƙin masana'antu da cunkoso, amma da jama'a suka ƙaru, alhali doka ta hana gidaje ƙaruwa a wuraren da ke kusa da aiki, sai farashi da kuɗin haya suka fi ƙarfin mai ƙaramin albashi.

Gyaran Auckland

Birnin Auckland, wanda kusan sulusin mutanen ƙasar ke zaune cikinsa, yana kan wani siririn tudu ne tsakanin mashigin ruwan Waitemata da na Manukau, saboda haka faɗaɗa shi na da wuya. A 2010 aka haɗe ƙananan hukumomi bakwai da hukumar yanki suka zama majalisa guda, aka ɗora mata rubuta tsari ɗaya ga birnin duka. Bayan wani kwamiti mai zaman kansa ya saurari ƙorafin jama'a, tsarin ya fara aiki a watan Nuwamba na 2016. Kimanin kashi uku cikin huɗu na filayen zama aka sassauta wa doka: wasu unguwanni aka yarda da gidaje masu hawa biyu a jere, wasu hawa uku, kusa da kasuwanni da tashoshi kuwa benaye masu hawa biyar zuwa bakwai.

Malamai biyu, Ryan Greenaway-McGrevy da Peter Phillips, sun bi hanyar ƙiyasi, wato suka gwada unguwannin da aka sassauta wa da waɗanda aka bari a kan tsohuwar ƙa'ida, suka ƙiyasta cewa cikin shekaru biyar gyaran ya jawo ƙarin izinin gidaje fiye da 20,000 waɗanda ba don shi ba da ba a samu ba. Masu suka sun kawo shubuha biyu, cewa kuɗin ruwa na bashin banki ya yi sauƙi a lokacin, kuma magina na iya ƙaura ne kawai daga wata unguwa zuwa wata. Sai dai malaman sun yi lissafin wannan ƙaura, kuma galibin ƙarin ya zo ne a gidajen jere, irin waɗanda tsohuwar doka ta haramta.

Misalin Minneapolis

A Disamban 2018 majalisar Minneapolis ta amince a gina muhalli uku a fulotin da a da yake na iyali ɗaya, abin ya yi suna ƙwarai, amma da yake girman ginin da aka yarda da shi bai wuce na gida ɗaya da yawa ba, magina ba su ga riba ba, kuma kaɗan ne irin waɗannan gidaje da aka gina. Yawancin sababbin gidajen birnin sun fito ne daga manyan benaye a bakin manyan tituna, musamman da aka soke wajabcin tanadar wurin ajiye motoci a 2021.

Kammalawa

Ba a musun cewa cika unguwa da gidaje na ɗora nauyi a kan magudanan ruwa da hanyoyi da makarantu, ambaliyar da ta afka wa Auckland a Janairun 2023 ma ta ƙara wa masu wannan tsoro hujja, don haka wajibi ne hukuma ta haɗa sassauci da gyaran waɗannan abubuwa. Duk da haka hukuncin da misalan biyu suka bayar a fili yake: birnin da ya buɗe ƙofa ga akasarin filayensa, ya kuma bar gini ya yi tsayi, ya samu gidaje, wanda kuwa ya halatta adadi ya riƙe ma'auni, takarda kawai ya sauya.