Mai a Jikin Fulogi: Nazari kan Gano Asalin Yoyo a Injinan Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Maƙalar na nuna cewa wurin da baƙin mai ya kwanta a jikin fulogi shi ke bayyana asalin lalurar inji, kuma rashin duba wannan kafin a fara gyara yana jawo wa manoma da direbobin yankin Kura asarar da za a iya kauce mata.

Gabatarwa da Tattaunawa

Noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake amfani da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, yana buƙatar inji: na ban ruwa a bakin magudana, da motocin da ke kwasar tumatir zuwa Kwanar Gafan ko shinkafa zuwa Kano. Duk injin fetur a cikinsu da fulogi yake tashi, kuma ƙorafin da kanikawa suka saba ji shi ne, "Mota tana cin fulogi." Wannan magana ta haɗe lalurori biyu da ba su da alaƙa.

Ta farko daga sama take zuwa. A injinan Toyota Corolla da Honda na zamani, fulogi yana zaune ne a ƙasan wani dogon rami da ya ratsa murfin saman inji, kuma zoben roba ne ke tare mai daga shiga ramin. Zafi da tsufa suna busar da robar har ta tsage. Sai mai ya taru, ya jiƙa farin jikin fulogin da robar kwayil, wuta ta riƙa zillewa, mota ta kama rawa da fizga, alhali cikin silinda lafiya lau yake. Ta biyu daga ciki take: ringi ya cinye ko robar bawul ta mutu, mai yana haurawa ɗakin ƙonewa. A nan bakin fulogin ne ke yin baƙi da danƙo, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, mai kuma yana raguwa kafin lokacin juye. Gyaran ta farko sauya roba ne da fakin murfi. Ta biyu kan kai ga buɗe inji.

Ruɗanin yana da tushe. Bakaniken da ya ƙware a kan tsohuwar Golf mai bawul takwas, ko injin ban ruwa samfurin Honda GX160, ya saba da fulogin da ke gefen kan inji ba tare da rami ba, inda jiƙewar fulogi galibi ke nufin matsalar ciki. Idan ya ɗora wannan sani a kan sabon inji, sai ya yanke hukuncin sauya ringi a inda roba ce kawai ta lalace. Akwai kuma kuskuren hannu mai tsada: in aka kwance fulogi ba a tsane ramin ba, man da ya cakuɗe da ƙurar hunturu da ɓuntun shinkafa zai gangara cikin silinda, ya jiƙa bakin fulogin yayin fitowa. Shaidar ta gurɓace, yashi kuma ya sami hanyar goge ringin da a da ƙalau yake.

Za a iya cewa manomin da ke tsakiyar ɗibar tumatir ba shi da lokacin bincike, gara ya sayi fulogi ya wuce. Uzurin yana da nauyi, domin tumatir ba ya jira. Sai dai sabon fulogi a ramin da ke yoyo zai sake jiƙewa, kwayil ya bi baya, kuma silindar da ba ta kama wuta tana zubar da fetur ta salansa, asarar da ta ƙara zafi tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Wasu kuma na ɗora laifin kan jabun kayan gyara. Jabu na nan, amma roba mai kyau ma ba ta daɗewa idan bututun numfashin inji ya toshe, domin matsin da ke taruwa a ciki yana tura mai ta duk inda ya sami rauni. Cusa gam a madadin sabon fakin ɓoye yoyon kawai yake yi.

Injin ban ruwa na da nasa yanayin. GX160 ba ya ɗaukar mai fiye da kimanin lita 0.6, kuma idan aka cika shi ya wuce ƙima, ko aka girke shi a karkace a gangaren magudana, mai kan bi bututun numfashi ya shiga kafireto ya jiƙa fulogi, ba tare da wani abu ya cinye ba. Kafin a taɓa ringinsa, a daidaita mazauninsa, a rage man zuwa alamarsa, a wanke matatar iska. A mota kuwa, a tsane ramin da tsumma, a duba fulogin sama da ƙasa, sannan a auna matsin silinda: idan ya yi ƙasa, aka ɗiga ɗan mai cikin silindar sai matsin ya tashi, to ringi ne, kuma a lokacin ne buɗe inji ya dace.