Baƙar Juma'ar Kano Da Marayun Da Ta Bari

'Yan uwa 'yan Balan mazauna birane, da wuya mu manta da yammacin Juma'a, 20 ga Janairun 2012, lokacin da 'yan Boko Haram suka far wa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da wasu caji ofis a Kano. Hukuma ta ƙirga mamata 185, daga cikinsu 29 'yan sanda ne. Aka kafa dokar hana fita, bayan kwana 5 aka sauke Sufeto Janar Hafiz Ringim, shingayen bincike suka cika tituna.

Yau an janye yawancin shingayen, amma marayun waɗannan dakaru suna nan tare da mu. Mu da muka sha yin barci iyayensu na gadi, wa ya taɓa tambayar halin da suke ciki? Allah Ya jiƙansu, amin.