Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma a Landan, 1925 zuwa 1958

Cikin ƙungiyoyin da ɗaliban Afirka suka kafa a zamanin mulkin Turawa, da wuya a sami wadda ta yi tasiri kamar Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma ta birnin Landan, wadda a ke taƙaita sunanta da WASU. Galibi in an ambace ta, manyan mutanen da suka fito daga cikinta a kan tuna. Amma wanda ya bi tarihinta a hankali zai ga ƙarfinta ya rataya ne ga abu biyu, watau gidan da ta mallaka, da kuma inda kuɗin gidan ya ke fitowa.

Wanda ya tsaya ga kafa ta shi ne Ladipo Solanke, Bayarabe mutumin Abeokuta. Ya yi karatu a Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, sa'an nan ya tafi Landan a 1922 domin koyon aikin lauya. A 1924, shekarar da aka yi babban nunin kayan ƙasashen mallakar Ingila a Wembley, jaridun birnin suka riƙa buga maganganun wulakanci a kan mutanen Afirka, har wata ta jingina wa mutanen Nijeriya cin naman mutum. Solanke ya rubuta amsa, sunansa ya fita a tsakanin ɗalibai, a wannan shekara kuma ya kafa wata ƙungiya ta 'yan Nijeriya kaɗai. Da Dokta Bankole-Bright, wani likita ɗan siyasa na Saliyo, ya zo Landan, sai ya shawarci ɗaliban su haɗa kansu yadda manyansu suka yi a taron Ankara na 1920, inda wakilan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya suka zauna wuri guda. Ran 7 ga Agusta 1925 ɗalibai 21 suka taru suka kafa WASU. J. B. Danquah na Gwalkwas ya kasance cikin shugabanninta na fari, Solanke ya zama magatakarda. A 1926 suka fara buga mujalla mai sunan ƙungiyar, a ciki suna rubutu a kan tarihi da al'adu da shari'o'in gargajiya na ƙasashensu.

Babbar wahalar ɗalibi baƙar fata a Landan a wannan zamani ita ce masauki. Masu gidajen haya da yawa ba su karɓarsa, wanda ya karɓe shi kuwa sau da yawa ya kan tsawwala kuɗi. Saboda haka tun daga farko ƙungiyar ta sa samun gida nata na kanta a gaban sauran bukatu. A 1929 Solanke ya taso zuwa Afirka ta Yamma neman gudummawa, ya yi shekara uku yana zagayawa, yana gana wa da sarakuna da attajirai da ma'aikata, yana kafa rassa a garuruwa, har suka haura ashirin. Da kuɗin da ya tara aka buɗe gida a titin Camden a 1933, aka sa masa suna Africa House, shi kuma ya zama mai kula da shi. Matarsa Opeolu ita ta riƙe kicin da hidimar baƙi, har ɗalibai suka laƙaba mata Mama WASU. A nan sabon zuwa ya ke sauka, ya ci abincin ƙasarsu, ya karanta jaridun Ikko da na Ankara, da dare kuma a yi muhawara. Ɗan Nijeriya da ɗan Gwalkwas, waɗanda a gida da wuya su taɓa haɗuwa, sai ga su a tebur ɗaya suna gwada halin da gwamnoninsu su ke tafiyar da mulki, suna gane cutarsu iri ɗaya ce.

Ofishin Ƙasashen Mallaka bai rasa ganin abin da ke faruwa ba. Tun da daɗewa ma'aikatansa su ke damuwa da irin mutanen da ɗaliban su ke cuɗanya da su, musamman 'yan gurguzu. A 1934 aka buɗe wani masauki da goyon bayan ofishin, aka kira shi Aggrey House, da sunan Dokta Aggrey, mashahurin malamin nan na Achimota wanda ya rasu a 1927. Masu gidan suka ce nufinsu taimako ne kawai, akwai kuma baƙaƙen fata masu mutunci da suka yarda da haka, kamar Dokta Harold Moody, mutumin Jamaika. WASU ta ƙi. Ta buga ɗan littafi tana cewa an shirya gidan ne domin a sa wa ɗalibai ido a juya tunaninsu, ta kuma yi kira kada kowa ya sauka a can. Hujjarta a fili ta ke: mai ba ka ɗaki shi ke da ikon faɗin wanda zai shigo ya yi lacca, da abin da za a tattauna.

Amma riƙon gida a Landan ba ƙaramin abu ba ne, gudummawa daga Afirka kuwa ba ta zuwa a kan kari. Kafin shekarun 1930 su ƙare, bashi ya tilasta aka yi sulhu, ƙungiyar ta soma karɓar taimakon kuɗi ta hannun hukuma, a 1938 kuma ta ƙaura zuwa wani gida a dandalin Camden. Abin lura shi ne ta karɓi kuɗin bayan ta riga ta nuna tana iya tsayawa da ƙafafunta, ragamar gidan kuma ta zauna a hannun 'yan Afirka. Shi ya sa taimakon bai rufe mata baki ba. Sa'ad da Italiya ta auka wa Habasha a 1935 ta shiga kwamitin kare Habasha, sa'ad da kuma manoman Gwalkwas suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa koko a 1937 saboda an haɗa baki an karya farashi, ta zama bakinsu a Landan.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya kai ta ƙoli. A watan Agusta 1941 Ingila da Amurka suka fitar da Yarjejeniyar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da ta ke so. Mista Atli, shugaban Jam'iyyar Leba, kuma na biyu ga Cocil a gwamnatin yaƙi, ya yi wa 'yan WASU jawabi ya tabbatar musu cewa alkawarin ya shafi kowane jinsi. Wata bai cika ba sai Cocil ya faɗa wa Majalisa cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye a ke nufi. Wannan saɓanin ya koya wa ɗaliban darasi. A 1942 suka miƙa wa Ofishin Ƙasashen Mallaka takarda suna neman mulkin kai na cikin gida nan take, da cikakken mulkin kai cikin shekara biyar bayan yaƙi. Suka kuma shirya kwamiti tare da waɗansu wakilan Jam'iyyar Leba, irin su Reginald Sorensen, ta yadda ƙarar da aka aiko daga wani reshe a Afirka ta kan zama tambaya a gaban Majalisar Ingila, dole minista ya tashi ya amsa. Kwame Nkrumah ya iso Landan a 1945 ya zama mataimakin shugaban ƙungiyar, a ƙarshen 1947 kuwa ya koma gida ya zama magatakardan jam'iyyar da Danquah da abokansa suka kafa.

A daidai wannan lokaci ne rarrabuwa ta soma. Bayan yaƙi ɗalibai suka yi yawa ƙwarai, siyasa kuma ta koma ta ƙasa ƙasa, har ta yanki yanki, gama kowace ƙasa da nata tsarin mulkin a ke tattaunawa. A 1945 Obafemi Awolowo, yana ɗalibin lauya, ya kafa ƙungiyar Egbe Omo Oduduwa a Landan, daga cikinta kuma jam'iyyarsa ta Jihar Yamma ta tsiro a 1951. Mutanen Arewacin Nijeriya kuwa ba su da yawa a farkon wannan tarihi, domin Kwalejin Katsina malamai da ma'aikatan En'e ta ke horarwa, hanyar jami'o'in Ingila ba ta buɗe musu sosai ba sai a 1945, da aka aika malamai huɗu sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malam Aminu Kano ya bi bayansu a 1946, a can kuma ya ƙulla shawarar ƙungiyar malaman makaranta na Arewa, wadda ta tsaya sosai a 1948. Kowa ya koyi dabarar haɗa kai, amma kowa wajen mutanensa ya kai ta. A 1948 ɗin kuma aka buɗe kwalejojin jami'a a Ibadan da Gwalkwas, ɗalibai suka sami filin kafa ƙungiyoyinsu a gida.

Solanke kansa bai tsira daga wannan canji ba. Ya sake tafiya Afirka neman kuɗi daga 1944 zuwa 1948, aka sami abin buɗe gida na biyu a Chelsea, amma da ya komo ya tarar samari sun riƙe ƙungiyar, ba su kuma yarda mutum ɗaya ya daɗe yana juya ta ba. Aka yi ta jayayya a kan kuɗi da iko, ya bar kujerar magatakarda, ya tsaya ga kula da gidan Camden har rasuwarsa a watan Satumba 1958. Gwalkwas ta riga ta sami mulkin kai a 1957 da sunan Ghana, Nijeriya ta bi a 1960, Saliyo a 1961, Gambiya a 1965. Ƙungiyar ta ɗan ci gaba zuwa farkon shekarun 1960, sa'an nan ta shuɗe.

Abin da tarihin WASU ya bar wa masu kula da ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin horon malamai shi ne, ta yi ƙarfi muddin tana biyan wata bukata da kowane ɗalibi ya ke ji a jikinsa, ta kuma iya faɗin ra'ayinta gaban hukuma domin ta tara kuɗinta ta buɗe gidanta tun kafin hukuma ta miƙo hannu. Tambayar da aka yi a 1934 a kan Aggrey House, watau wa ke biya kuma wa ke da iko da ɗakin taro, ita ce har wa yau a ke yi duk sa'ad da hukumar wata makaranta ta ɗauki nauyin ƙungiyar ɗalibanta.