Tuba Don Boko: Iyaye da Makarantun Mishan a Ƙasar Katsina

A Ingila akwai makarantun coci waɗanda Gwamnati ta ke biyan kuɗin tafiyar da su. In masu nema sun fi guraben yawa, doka ta yarda wa da yawa daga cikinsu su fifita 'ya'yan masu zuwa sujada. Saboda haka waɗansu iyaye su kan lizimci coci shekara ɗaya ko biyu, ba don imani ba, sai don limamin ya sa hannu a takarda. Abin tambaya a nan shi ne, ko an taɓa yin irin wannan a ƙasar Katsina, musamman tsakiyarta, wajen Shema da Dutsin-Ma da Kurfi? An yi mai kama da shi, amma ta wata fuska dabam, kuma ba ta gefe guda ba.

Da farko dai sai a tuna, a nan ba a yi rububin boko ba, gudunsa aka yi. Lokacin da Gwamna Lugga ya yi jawabi a Sakkwato cikin 1903, ya yi alkawari Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin mutane ba. Razdanoni suka riƙe wannan magana suka tsare Turawan Mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi shekara da shekaru. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, duk na Gwamnati ne, da malaman Arabiyya a ciki. Duk da haka, in En'e ta aiko wa hakimi, kamar 'Yanɗaka a Dutsin-Ma ko Maraɗi a Kurfi, a kawo yara elementare, sai dagatai su bi gida gida, iyaye kuwa su ɓoye 'ya'yansu. Wanda ya ke ɓoye ɗansa don kada a kai shi makarantar Sarki, ina zai yi ƙaryar addini don ya shigar da shi ta Mishan?

Likita Mila kaɗai ya sami zama cikin birnin Zariya tun 1905, har aka mai da tashar Wusasa a 1929. Waɗanda suka fi ƙarfafa makarantarsa kuwa 'ya'yan Isawa ne, watau mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Su suka nemi Mila da kansu cikin 1913, suka kafa gari a Gimi, ciwon barci ya watsa shi. Waɗannan ba wanda zai ce da su masu riya, gama sun sha wuya a kan abin da suka gaskata tun kafin su ga Bature. Daga Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu. Ganin irinsu ne ya fara nuna wa jama'a cewa makarantar Mishan tana kai mutum wani wuri.

A Lardin Katsina ƙofar ba ta makaranta aka buɗe ta ba, ta asibiti ce. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka danƙa wa Mishan ta S.I.M. gidan kutare na Babbar Ruga, kamar yadda aka ba ta Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Daga nan ta kafa tashoshi a ƙauyuka, kamar Malumfashi da Matazu, wadda ba ta da nisa da Dutsin-Ma. To, a nan ne maganar ta ke da nauyi. Kuturu ya baro garinsu, danginsa na ƙyamarsa, magani yana hannun wanda ya ke karanta Linjila kowace safiya, ɗansa kuma yana iya samun allo da riga da abinci a hannun mutumin nan. In ya zauna wurin addu'a ya ce amin, me za a kira wannan? Waɗansu sun gaskata har ransu, zuriyarsu na cikin Ekklesiyar E.C.W.A. da aka kafa a 1954. Waɗansu da yawa, da aka sallame su, suka koma garinsu suka ci gaba da salla. Sarakuna sun lura, suka yi ƙara, har Gwamnati ta sa sharaɗi kada a yi wa ɗan Musulmi wa'azi sai ya kai shekara 18. Sai dai sharaɗin ya rataya ne a kan kalma guda, watau wane ne ɗan Musulmi, amsar kuwa tana bakin uba.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne Maguzawa. Su alkawarin Lugga bai rufe su ba, tun da ba Musulmi ba ne, makarantar En'e kuwa ba ta cika isa unguwanninsu ba. Bamaguje ya ga duk mai rubuta haraji da mai awon gyaɗa da auduga ɗan boko ne, shi kuma kullum shi a ke rubutawa. In Mishan ta kafa aji kusa da gonarsa, ya kan ba da yaro guda, ya bar shi ya tafi sujada ran Lahadi, shi kuwa ya ci gaba da yanka wa iskokin gidansa. A ganina kiran wannan munafunci rashin fahimta ne. Addinin Maguzawa ba shi da kalmar shahada wadda za a faɗa da baki zuciya ta ƙi. Tsafi aiki ne na gida da gona, ba ya hana mutum ya raba 'ya'yansa, wannan ga malam, wannan ga Mishan, wannan ga garma.

Ta ɗaya gefen ma haka ta faru. Yaron Bamaguje da ya shiga elementare ta En'e ya tarad da darasin addini da salla cikin tsarin yini, ya kan karɓi sunan Musulmi don ya zauna lafiya da 'yan'uwansa, ya kuma sami hanyar Midil. Da Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa daga 1963 zuwa 1965, dubban mutane suka karɓi Musulunci a sassan Arewa, masu suka kuwa suka yi masa irin zargin da a ke yi wa Mishan, cewa abin duniya ne ya jawo mutane. Kowane ɓangare yana ganin riya a tubabbun ɗan'uwansa, ba ya ganinta a nasa.

Harshen kansa ya sauƙaƙa wannan ƙetare. Kalmar tuba, wadda asalinta Larabci ne, ita Hausawa su ke faɗi in Bamaguje ya musulunta, ita kuma Kirista Hausawa suka ɗauka. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki na 1932 sun yi aiki da Allah da annabi da mala'ika da zunubi, kalmomin da kowane almajiri ya sani. Sunaye kuma sun yi tarayya: Musa, Haruna, Yakubu, Yusufu, Dauda, Maryamu. Yaro mai suna Yakubu yana iya fita daga rajistar Mishan ya shiga ta En'e ba a canja ko harafi ɗaya ba. Sai irin su Bulus da Bitrus da Istifanus su ke tona asiri. Don haka wanda ya ke ƙidayar tubabbu daga sunayen da ke cikin rajista, sai ya yi hattara ƙwarai.

A waɗansu ƙasashe an laƙaba wa irin waɗannan mutane suna na reni. A Indiya da Sin an danganta su da shinkafar Mishan, a Ayalan kuma, lokacin yunwar shekarun 1840, da romon da a ke rabawa. Duk laƙabin masu ƙoshi ne suka sa wa masu yunwa.

Tsarin mulkin 1960 ya hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, sashe na 38 na tsarin 1999 ya maimaita. A farkon shekarun 1970 Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa Lardin Katsina da na Zazzau, ta karɓe makarantun Mishan: St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, St. John ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi. Da shirin ilmin firamare kyauta ya zo a 1976, aji ya isa ƙauyukan da a dā sai Mishan kaɗai ta ke zuwa.