Ƙurjin fuska a jikin shuga gilaida: musabbabinsa da yadda likitoci ke magance shi

Shuga gilaida wata 'yar ƙaramar dabba ce mai kama da kurege, wadda masana ke kira Petaurus breviceps. Asalinta dazuzzukan Ostireliya da tsibirin Niyu Gini ne, amma ta zama abin kiwo a gidaje a Amurka da Japan da wasu ƙasashen Turai. Ɗaya daga cikin larurorin da ke kai ta gaban likitan dabbobi ita ce ƙurjin fuska, wato kumburi mai tara mugunya a ƙarƙashin ido ko a gefen muƙamuƙi. Galibi daga ruɓaɓɓen haƙori yake tasowa, kuma abincin keji ne ke ruɓar da haƙorin. Don haka duk maganin da ya tsaya a kan kumburin ya bar haƙorin, ciwon zai dawo.

Wace irin dabba ce?

Duk da kamanninta da kurege, danginta su ne kangaru da kowala, dabbobin da uwa ke renon ɗanta a cikin jakar fata da ke jikin cikinta. Babbarta ba ta cika wuce giram 150 ba. Akwai fata shimfiɗaɗɗiya daga hannunta zuwa ƙafarta, wadda take buɗewa ta yi shawagi daga wata bishiya zuwa wata har kusan mita 50. Da dare take kiwo, kuma a daji cikin ayari take rayuwa. A keji tana iya kai shekara 12 ko fiye.

Abincinta na daji shi ne ƙaron bishiyoyin dangin bagaruwa, da ruwan jikin bishiyar turare, da zaƙin furanni, da ƙwari. Haƙoranta 40 ne. Biyu na gaba a muƙamuƙin ƙasa dogaye ne masu kallon gaba, da su take kankare ɓawon itace har ruwansa ya tsatso. Wannan aikin na kowane dare shi ke goge mata haƙora. Haƙoran ɓera da na zomo suna ci gaba da tsiro muddin rai, nata kuwa ba sa yin haka. Wanda ya karye ya karye ke nan. Shi ya sa likitoci ke gargaɗin kada a datse su, kuskuren da masu ɗaukarta a matsayin dangin ɓera kan yi.

Yadda ƙurjin ke samuwa

Sunan dabbar yana yaudarar masu saye, domin da yawa sun ɗauka zaƙi ne cimarta. Sai a cika mata kwano da 'ya'yan itace masu laushi da zuma da madarar kanti mai sukari. Irin wannan abinci yana liƙewa a gindin haƙori, ya daskare, dasashi ya kumbura ya janye, ƙwayoyin bakteriya su sami hanyar gangarawa zuwa saiwar haƙorin. A nan mugunya ke taruwa. Idan haƙorin sama ne, kumburin kan fito a ƙarƙashin ido, wani lokaci ya taru a bayan ƙwayar idon ya turo ta waje. Idan na ƙasa ne, sai a gan shi a haɓa ko a gefen muƙamuƙi.

Akwai wasu hanyoyin kuma. Dabbar da ke gwaguyar ƙarfen keji tana iya karya haƙorin gaba. Ɓawon ƙwaro mai kaifi, kamar ƙafar gyare, yana iya soke dasashi ya maƙale. Faɗa tsakanin abokan keji, musamman maza, yakan bar cizo a fuska wanda bakinsa ke rufewa da sauri alhali ƙwayoyin cuta suna ciki. Ƙarancin sinadarin kalsiyam, wanda ya yawaita a dabbobin da ake ciyarwa da 'ya'yan itace zalla, yana raunana ƙashin muƙamuƙi har haƙora su fara girgiɗi. Idan cutar ta ratsa ƙashin kansa, magani kan yi wuya ƙwarai.

Alamomi

Shuga gilaida abin farauta ce ga mujiya da macizai, kuma irin waɗannan dabbobi suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu. Kafin kumburin ya bayyana, mai kiwo zai iya lura cewa ta rage cin abinci, ko tana tauna da gefe ɗaya, ko tana dalalar da miyau, ko tana yawan sosa fuska. Ido ɗaya kan yi ruwa ko kwantsa, baki ya yi wari, gashin haɓa ya jiƙe. Kumburin kansa yana iya tashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga dabbar da nauyinta bai wuce giram 100 ba, kwana biyu babu abinci babban haɗari ne, domin sukarin jininta na faɗuwa kuma ruwan jikinta na ƙarewa da sauri. Saboda haka ake lissafa wannan larura cikin na gaggawa.

Abin da likita ke yi

Ba a iya duba bakinta da kyau tana farke. Likita kan shaƙa mata iskar sa barci, galibi aisofuloren, ta wani ɗan ƙaramin murfi da ake ɗora mata a hanci, a kuma shimfiɗa ta a kan abin ɗumama jiki, domin ƙananan dabbobi suna saurin yin sanyi idan suna barcin magani. Daga nan sai a ɗauki hoton ƙashin kai don a ga haƙorin da ya ruɓe da kuma ko ƙashin ya taɓu.

Mataki na gaba shi ne tsaga ƙurjin a fitar da mugunyar, a kankare mataccen nama, a wanke ramin da ruwan gishirin asibiti ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta da aka sirka sosai. Akan ɗebi kaɗan daga mugunyar a aika ɗakin gwaji, a gano irin bakteriyar da maganin da ke kashe ta. Sau da yawa akan bar bakin ramin a buɗe domin ya ci gaba da tsiyaya, ya warke daga ciki zuwa waje.

Idan haƙori ne tushen ciwon, cire shi ake yi. Cire dogayen haƙoran ƙasa aiki ne mai bukatar ƙwarewa, domin saiwarsu ta nutse cikin muƙamuƙi sosai, kuma ƙashin siriri ne mai saurin karyewa. Idan ƙurjin bayan ido ya lalata idon, akan cire shi don a ceci ran dabbar.

Bayan aiki sai magunguna iri biyu. Na farko na kashe bakteriya ne, irin su enrofulokzasin ko amokzisilin haɗe da kilabulanik, gwargwadon abin da gwaji ya nuna, kuma shan sa yakan ɗauki makonni. Na biyu na rage zafi ne, irin su melokzikam ko bufurenofin. Maganin zafin yana da muhimmanci na musamman a nan, domin an san shuga gilaida da cizo da yagar jikinta a wurin da take jin ciwo. Saboda haka akan sa mata kwalar roba mai siffar mazurari a wuya har raunin ya rufe.

Jinya a gida

Ana ware marar lafiyar daga abokan kejinta na ɗan lokaci don kada su lashi raunin ko su cije shi, amma a ajiye kejin inda za ta riƙa jin ƙanshinsu da kukansu, domin kaɗaici na ƙara mata damuwa. Ɗumin da ya fi dacewa da ita shi ne digiri 27 zuwa 31 a ma'aunin Salshiyos. Ana ba ta abinci mai laushi, da sirinji idan ta ƙi ci, a kuma auna nauyinta kullum a sikelin da ke nuna giram.

Abubuwa uku ne likitoci suka fi gargaɗi a kansu: matse ƙurjin da hannu, wanda ke tura mugunyar cikin nama, dakatar da magani da zarar kumburi ya saɓe, wanda ke barin bakteriya masu taurin kai su farfaɗo, da ba ta maganin mutane da ƙiyasi. Mutum mai kilo 60 ya ninka dabba mai giram 100 sau 600, don haka ɗigo guda da ya wuce kima na iya zama ajalinta.

Rigakafi kuwa ya dogara ne ga kwanon abinci: a rage zaƙi, a ba ta ƙwari da ƙaro da isasshen kalsiyam, a sa mata rassan itace marasa guba ta riƙa kankara, a kuma kai ta a duba bakinta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kasuwanci da doka

Yawaitar wannan ciwo na da nasaba da yadda dabbar ke isa hannun masu kiwo. Dokar kare muhalli ta Ostireliya ta 1999 ta hana fitar da dabbobin ƙasar masu shayarwa da rai don kasuwanci. Wani binciken ƙwayoyin halitta da mujallar PeerJ ta wallafa a 2019 ya nuna cewa waɗanda ake kiwo a Amurka sun samo asali ne daga yankin Sorong da ke yammacin Papuwa a ƙasar Indonesiya. A Amurkar, jihohin Kalifoniya da Hawai da Alaska da birnin Niyu Yok sun haramta ajiye ta, yayin da a mafi yawan sauran jihohin ake sayar da ita a fili, sau da yawa a matsayin dabba mai sauƙin kiwo.

Inda doka ta haramta, mai kiwon da ya ɓoye ta yakan ji tsoron kai ta asibiti. Inda ta halatta kuma, likitocin da suka ƙware kan irin waɗannan dabbobi ba su da yawa, kuma aikin da ya haɗa da sa barci da hoto da gwaji da cire haƙori yana da tsada. Duka biyun suna jawo jinkiri, kuma ƙurjin da aka bari ya kai ga ƙashi ko ya shiga jini yana iya kashe wannan dabba.