David Roberts: Ɗan Baduku da Ya Zana Masar Kafin Zuwan Kyamara

Da yawa daga cikinmu sun taɓa zuwa Masar, wani don karatu a Azhar, wani don neman lafiya, wani kuma kasuwanci ya kai shi. Duk wanda ya zaga kasuwar Khan al-Khalili a Alƙahira zai ga ana sayar da wasu tsofaffin hotuna masu launin ƙasa-ƙasa: masallatai masu dogayen hasumiyoyi, raƙuma a gindin dalar Giza, mutane da rawuna zaune a inuwar manyan ginshiƙai. Mafi yawan waɗannan hotuna aikin mutum ɗaya ne, wani Bature mai suna David Roberts, kuma da hannu ya zana su a tafiya guda da ya yi tsakanin 1838 da 1839. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a sani shi ne, abubuwa da dama da ya zana yanzu ba haka suke ba, kuma zanensa na cikin shaidun da suka rage.

An haifi Roberts a 1796 a Stockbridge, kusa da birnin Edinburgh na ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma, ba shi da halin kai shi makarantar koyon zane. Yana ɗan shekara goma sai aka danƙa shi a hannun wani mai fentin gidaje, ya yi shekara bakwai yana dama fenti da shafe bango. Daga nan ya koma yi wa gidajen wasan kwaikwayo zanen labulen da ake ratayawa a bayan dandamali, da farko a Edinburgh da Glasgow, daga baya a Landan. Wannan sana'a ce ta gyara masa hannu. Mai zanen dandamali dole ya yi sauri, dole kuma ya san yadda zai sa gini ya yi kwarjini ga wanda ke kallo daga nesa. A 1832 ya tafi Sifaniya, ya zana fadar Alhamra a Granada da tsohon masallacin Ƙurɗuba, ya kuma tsallaka Maroko. A can ne gine-ginen Musulmi suka shiga ransa.

A ƙarshen watan Agusta na 1838 ya bar Landan, ya sauka Iskandariyya a ƙarshen Satumba. A lokacin Muhammadu Ali Basha ke mulkin Masar. Roberts ya ɗauki hayar jirgin ruwa mai filafilai tare da matuƙansa, ya bi Kogin Nilu ya nufi kudu. Dabarar da ya yi ita ce, a tafiya yana duba wurare yana lura da su, a dawowa kuma ya tsaya ya zana su a tsanake. Ya kai Abu Simbel a ƙasar Nuba cikin watan Nuwamba, sannan ya juyo ta Philae da Kom Ombo da Edfu da Luksor da Karnak da Dendera. Aikin ba na hutu ba ne. Zama ne a fili tun safe, ga rana, ga ƙuda, ga iska mai kwaso rairayi ta zuba a kan takarda. Da fensir yake fara fitar da siffar gini, ya ɗan shafa launin ruwa don kada ya manta kalar dutse da ta sama, sauran gyara sai an koma gida. Kafin ya dawo Alƙahira a ƙarshen Disamba ya tara zane fiye da ɗari.

Makonni shida da ya yi a Alƙahira su ne suka fi jan hankali. A wancan zamani ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga masallatan birnin yadda ya ga dama, balle ya zauna ya yi zane. Sai da ƙaramin jakadan Ingila ya nema masa izini, aka kuma gindaya masa sharuɗɗa: ya sa tufafi irin na Turkawa, ya aske sajensa, kada kuma ya kuskura ya shiga da buroshin da aka yi da gashin alade, wanda shi ne masu zane na Turai suka saba aiki da shi. Ya amince da duka. Ta haka ya samu ya zana cikin masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356, da faffaɗan tsakar gidansa da wurin alwala mai ƙubba. Ya zana Ƙofar Zuwaila da hasumiyoyi biyu da ke kanta, da kasuwar masu sayar da siliki ta Guriyya, da kaburburan sarakunan Mamaluka a wajen gari. Bai kau da kai daga abin da ba shi da daɗin gani ba, domin har kasuwar bayi ta Alƙahira ya zana. A kan titi ma ba a bar shi ya sake ba. Cunkoson jama'a da jakuna da raƙuma masu kaya sukan ture shi, 'yan kallo kuma su yi masa zobe.

A farkon Fabrairu na 1839 ya kama hanyar hamada a kan raƙumi, da abokan tafiya da Larabawan ƙauye masu yi musu ja-gora. Sun bi ta Dutsen Sina'i, inda tsohon gidan ibadar Kirista na Santa Katarina yake, suka wuce Aƙaba, suka isa Petra, birnin da aka sassaƙa a jikin jan dutse a ƙasar Jodan ta yanzu. Daga nan sai Hebron da Gaza da Yafa. Ya shiga Birnin Ƙudus a ƙarshen Maris, jim kaɗan bayan an ɗage killacewar da aka yi wa garin saboda annoba. A nan bai samu irin izinin da ya samu a Alƙahira ba, don haka daga waje ya zana Ƙubbatus Sakhra da harabar Masallacin Aƙsa, har da hangen da ake yi musu daga Dutsen Zaitun. Ya ci gaba zuwa Nablus da Nazarat da Taya da Sidon har Ba'albak a Labanon, inda zazzaɓi ya kama shi, ya haƙura da sauran tafiyar. A watan Mayu ya hau jirgi a Bairut, ya tsaya Iskandariyya ya gana da Muhammadu Ali, ya koma Landan a Yuli da zane 272.

Zane a cikin jaka ba ya isa ga kowa, sai an buga shi. Wani gwani ɗan asalin Beljiyam, Louis Haghe, shi ya ɗauki nauyin mayar da kowane zane kan shafaffen dutse. Ana zana hoton a kan dutsen da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, a shafa tawada. Tawadar takan kama wurin da maiƙo yake ta guje wa wurin ruwa, sai a danna takarda a kai. Da wannan hanya aka fitar da hotuna 247 kashi-kashi daga 1842 zuwa 1849. Masu kuɗi ne suka riƙa biya tun kafin a buga, cikinsu har da Sarauniya Biktoriya. Ɗan baduku ya zama attajiri, kuma tun 1841 aka zaɓe shi cikakken mamba a babbar majalisar masu zane ta Ingila. Ya rasu a Landan a 1864.

Wani abin lura shi ne lokacin da tafiyar ta faɗo. A 1839 ɗin nan aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faris, kuma kafin shekarar ta ƙare wasu Faransawa sun iso Masar da na'urarsu. Ke nan Roberts na cikin na ƙarshe da suka ga ƙasar a zamanin da hannu kaɗai ke iya adana kamannin wuri. Kyamarar farko kuma ba ta ɗaukar launi, shi kuwa ya ɗauka.

Idan aka ɗora zanensa kusa da hoton yau, nan ake ganin darajarsa. Gunkin nan na Giza mai kan mutum da jikin zaki, wanda Larabawa ke kira Abul Haul, a zanen Roberts rairayi ya binne shi har kafaɗa, ba a tone shi gaba ɗaya ba sai tsakanin 1925 da 1936. A Edfu yashi ya cika ɗakin bautar kusan har kan ginshiƙai, mutane sun gina ɗakunan laka a kan rufinsa, sai a 1860 aka fara kwashewa. A Luksor gari ne sukutum a cikin ginin Fir'auna. Da aka rushe gidajen aka kwashe ƙasar, an bar masallacin Abul Hajjaj a inda yake, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa yanzu take can sama, ba mai iya shiga ta nan. A Philae ya zana ginshiƙai da launinsu na shuɗi da kore da ja. Bayan an gina madatsar ruwa ta farko a Aswan a 1902, ruwa ya riƙa shanye tsibirin a kowace shekara har ya wanke launin. Daga baya aka kwashe ginin dutse bayan dutse zuwa tsibirin Agilkiya, aka kammala a 1980. Abu Simbel ma an yanka shi gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga shi mita 65 sama don kada tafkin sabuwar madatsa ya haɗiye shi. Ko a Alƙahira, mai tsayawa gaban masallacin Sultan Hasan yau zai ga masallacin Rifa'i a kusa da shi, wanda ba a aza harsashinsa ba sai 1869.

Sai dai shaidar mai zane ba ta rasa ƙarin gishiri. Roberts bai manta da aikin dandamali ba. Yakan ƙanƙantar da mutane don gini ya ƙara girma, yakan jera Larabawa da rigunansu masu launi a inda ya ga za su ƙawata hoto. A shahararren hotonsa na guguwar hamada a Giza, ya sa Abul Haul yana fuskantar faɗuwar rana, alhali gunkin gabas yake kallo. Saboda haka masana sukan gwada zanensa da ma'aunin gini da rubuce-rubucen wasu matafiya kafin su dogara da shi. A wajen siffar ƙofa da ƙubba da adon bango ana yaba masa da kula, a wajen yanayi da jama'a kuwa sai a yi hattara, domin Turawan da za su saya yake wa aiki, kuma ya san irin Gabas ɗin da suke son gani.

Ta irin wannan hanya muka gaji ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan Kano. A Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya zana birnin, wani mai zane a Turai ya gyara shi aka buga a littafinsa. Duk wanda ya kalli hoton zai ga fili da itatuwa a cikin ganuwa, a wuraren da yau gidaje suka cike. Masar ta dutse ce amma ta canza haka cikin shekara ɗari da 'yan kai, ina ga ginin ƙasa da damina ɗaya ke iya kayarwa? Allah Ya sa mu amfana da abin da muka karanta.